Tun ran gini ran zane: abin da ke sa baya ya sake lanƙwashewa bayan tiyatar haɗe ƙashi

Shekaru huɗu da suka wuce danginmu suka yi karo-karo, aka haɗa da kuɗin wani fili da aka sayar, aka fitar da gwaggona ƙasar waje domin a yi mata tiyatar kwankwaso. Bayan mako uku ta dawo da babbar ambulan mai ɗauke da hotunan ƙashi. A ciki ana ganin sanduna biyu na ƙarfe a miƙe sambal, da sukurori takwas a jere reras. Duk wanda ya zo yi mata sannu sai an ɗaga masa hoton a hasken taga, ya jinjina kai ya ce lallai an yi aiki. Ciwon ƙafar da ya hana ta barci ya tafi, kuma har yau bai dawo ba.

Daga shekara ta biyu ne muka fara lura da wani abu dabam. Da safe takan tashi a miƙe, amma kafin la'asar sai ka ga ta rusuna gaba, gwiwoyinta a ɗan lanƙwashe, tana neman abin dafawa. Wata rana ta ce mini: “Ɗan nan, ni ba ciwon ne ya fi damuna ba. Ji nake kamar ana tura ni ta ƙeya.” Da muka kai ta wurin wani likitan ƙashi a gida, ya duba hotunan ya tambaye ta: “Hajiya, ina hoton da aka ɗauke ki a tsaye, daga gefe, kafin a yi aikin?” Babu shi. Duk hotunan da ke cikin ambulan ɗin a kwance aka ɗauke su, kuma kwankwaso kaɗai suka nuna.

Tambayar likitan nan ce ta sa na shiga karatun wannan al'amari, kuma ga abin da na fito da shi. Lanƙwashewar da ke biyo bayan tiyatar haɗe ƙashin baya tana da sanannun dalilai, kuma yawancinsu tun kafin a sa wuƙa ake iya gano su. Mu kuwa mun saba tara kuɗin ranar tiyata kaɗai, mu manta da awon da ya kamata ya gabace ta da bibiyar da ta kamata ta biyo bayanta. A ganina a nan ne babbar asararmu take.

Lafiyayyen baya ba miƙaƙƙe ba ne

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya kamar gaɓoɓin rake: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke manne, 5 a kwankwaso, sannan waɗanda suka haɗe suka zama ƙashi guda a tsakiyar ƙugu, da ɗan guntun da ke ƙarshe. Tsakanin kusan kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifai mai laushi da ke aikin matashi. Ta cikin ramin da ke bayansu laka da jijiyoyi suke bi.

Idan aka kalli mutum ta gaba ko ta baya, jerin nan a miƙe ya kamata ya kasance. Karkacewarsa zuwa gefe cuta ce, kuma likitoci na lissafa ta da cewa karkacewa ce idan ta kai digiri 10 a ma'aunin da John Cobb ya bayyana a 1948. Amma idan aka kalle shi ta gefe, lafiyayyen baya lanƙwasa uku gare shi: wuya ya lotsa ciki, gadon baya ya ɗan yi doro, kwankwaso ya sake lotsawa ciki. Lotsawar kwankwaso a yawancin manya takan kama daga digiri 40 zuwa 60, kuma kusan kashi biyu cikin uku nata yana fitowa ne daga faifai biyu na can ƙasa. Waɗannan lanƙwasa su ne ke ajiye kai daidai saman ƙugu, yadda mutum zai tsaya ba tare da tsokoki sun sha wahala ba. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu a ka ta san cewa idan nauyi ya zauna a tsakiya ana iya doguwar tafiya, idan kuwa ya goce gaba kaɗan wuya da baya ne ke biya. Likitan Faransa Jean Dubousset ya kwatanta wannan da wani ɗan da'ira da jiki ke tsayawa a cikinsa da ƙaramin ƙoƙari. Da zarar an fita daga cikinsa, kowane minti na tsayuwa aiki ne.

Tiyatar haɗe ƙashi kuwa tamkar walda ce. Ana ɗaure gaɓoɓi biyu ko fiye da sukurori da sanduna, a kankare fuskokinsu, a zuba gutsattsarin ƙashi, domin su girma su zama ƙashi ɗaya da ba ya motsi. Wanda ya san aikin masu ɗori zai gane matsayin ƙarfen: shi ne karan da ake ɗaurewa a riƙe karaya har ta kama. Bambancin shi ne wannan karan a cikin jiki yake zama, kuma duk siffar da aka ɗaure bayan a kai, a kanta zai daskare.

Darasin sandar Harrington

A 1911 likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, kowannensu ya bayyana hanyarsa ta haɗe ƙashin baya, kuma abin da suke yaƙa a lokacin shi ne tarin fuka da ke cin ƙashin baya. Bayan shekaru kusan hamsin, Paul Harrington na birnin Houston, wanda ke kula da yaran da shan inna ta karkata wa baya, ya ƙirƙiro sandar ƙarfe mai ƙugiya sama da ƙasa, ya wallafa sakamakonta a 1962. Ana maƙala ƙugiyoyin a ƙarshen karkacewar biyu, a buɗa su kamar yadda ake ɗaga mota da jak, sai baya ya miƙe. Sandar ta ceci dubban yara, ta kuma zama abin da duniya ta dogara da shi na sama da shekara ashirin.

Matsalarta ita ce miƙaƙƙiya ce, kuma jan da take yi ba ya bambance mummunar lanƙwasa da kyakkyawa. Idan ta sauko har ƙasan kwankwaso, sai ta gyara karkacewar gefe ta kuma shafe lotsawar da jiki ke buƙata. A shekarun 1970 likitoci suka fara bayyana abin da suka sa wa suna shafaffen baya. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin suna 'yan mata sun yi shekaru lafiya lau, domin faifan da suka rage a ƙasan ƙarfen suna ƙara lotsawa su cike giɓin. Da shekaru suka ja, faifan nan suka gaji suka lotse, sai matan suka wayi gari ba sa iya miƙewa.

Yadda jiki ke kokawa da wannan hali shi ne abin da muka gani a wurin gwaggo. Da farko yakan juya ƙugu baya. Idan hakan bai isa ba sai ya lanƙwasa gwiwa. Sannan wuya ya ɗaga domin ido ya ga gaba. Duk wannan aikin tsoka ne, tsoka kuwa tana gajiya, shi ya sa mai shafaffen baya ya fi miƙewa da safe fiye da yamma.

A farkon shekarun 1980 Yves Cotrel da Jean Dubousset suka fito da tsarin da ke kama baya a wurare da yawa da sandunan da ake iya tanƙwarawa, daga baya kuma sukurorin da ake ɗaurawa cikin kowace gaɓa suka zama ruwan dare. Sai dai kayan zamani ba su kawar da shafaffen baya ba. Yau an fi ganinsa a wurin manyan da aka haɗe musu gaɓoɓi biyu ko uku na ƙasan kwankwaso saboda zaizayewar faifai, wato daidai wurin da mafi yawan lotsawa take. Idan ba a tanƙwara sandar yadda ya dace ba, ko ba a tallafi gaban gaɓoɓin da abin da zai riƙe tsayin faifan da aka cire ba, ko ma aka kwantar da majinyaci a gadon tiyata cinyoyinsa a naɗe yadda kwankwaso zai baje, to a haka za a kulle shi.

Kowane ƙugu da lotsawar da ta dace da shi

Nawa ne adadin lotsawar da ya kamata a mayar? Amsar ta zo daga Faransa a shekarun 1990, ta hannun Ginette Duval-Beaupère da abokan aikinta. Sun nuna cewa kowane mutum yana da wata kusurwa a ƙashin ƙugunsa wadda ke tsayawa da zarar ya gama girma, ba ta canjawa ko yana tsaye ko yana kwance. A wurin yawancin mutane tana kusa da digiri 50, amma akwai masu ƙasa da 40, akwai masu sama da 70. Mai babbar kusurwa yana buƙatar lotsawa mai zurfi, mai ƙarama kuwa kaɗan ta ishe shi. Ƙa'idar da likitocin baya suka fi aiki da ita, wadda Frank Schwab da abokansa suka yaɗa, ita ce kada tazarar da ke tsakanin kusurwar ƙugu da lotsawar kwankwaso ta wuce digiri 10.

Akwai awo na biyu mai sauƙin ganewa. A hoton mutum na tsaye daga gefe, ana sauko da layi daga gaɓar ƙarshe ta wuya, kamar zaren da magini ke rataya wa dutse don ya ga ko bango ya tsaya. Layin ya kamata ya faɗo kusa da saman ƙashin tsakiyar ƙugu, kada ya wuce shi gaba da fiye da santimita 5. A 2005 Steven Glassman da abokan aikinsa suka nuna cewa gwargwadon yadda layin nan ya goce gaba, gwargwadon yadda ciwo da naƙasa ke ƙaruwa.

Duk waɗannan awo biyu hoto ɗaya suke buƙata: na ƙashin baya gaba ɗaya, daga wuya har kan cinyoyi, mutum yana tsaye. Hoton na'urar maganaɗisu da mutanenmu ke biya da tsada yana nuna jijiyar da aka matse, amma a kwance ake ɗaukarsa, kuma kwanciya tana ɓoye rusunawa. Hoton tsaye bai kai shi tsada ba ko kusa. Shi ne kuma wanda babu a ambulan ɗin gwaggo.

Inda ƙarfe ya ƙare

Ko an sami lotsawa daidai, akwai wani wuri mai haɗari, wato bakin ƙarfen daga sama. Wanda ya taɓa ganin inda wayar cajar waya ke fara tsinkewa ya san wurin: daidai inda sashe mai tauri ya haɗu da mai laushi. Duk motsin da gaɓoɓin da aka haɗe suka daina yi, maƙwabtansu ne ke ɗauka.

Wannan yana zuwa ta fuska biyu. Ta farko mai sauri ce: gaɓoɓin da ke saman ƙarfen su durƙusa gaba su yi sabon doro. Likitoci na lissafa shi idan kusurwar wurin ta kai digiri 10 kuma ta ƙaru da aƙalla digiri 10 a kan yadda take kafin aiki. A wurin manyan da aka yi wa doguwar tiyata, rahotanni da yawa na nuna shi a tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin 100, kuma galibi a watannin farko yake bayyana. A wurin mutane da dama a hoto kawai yake tsayawa, ba ya damunsu. A wurin wasu kuwa gaɓar takan murƙushe ko sukurori su fizge, har laka ta shiga haɗari, dole a koma ɗakin tiyata.

Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: yawan shekaru, raunin ƙashi, ƙiba, haɗewa mai tsawo da ta kai har ƙugu, yanke jijiyoyi da tsokokin da ke riƙe gaɓar da ke saman ƙarfen, da tsayar da ƙarfen a daidai ƙololuwar doron gadon baya. Akwai kuma wani dalili da ya zo wa likitoci da mamaki, wato gyaran da ya wuce kima. Tsoho ɗan shekara 70 a ɗabi'ance ya fi matashi rusunawa kaɗan. Idan aka tilasta masa siffar ɗan shekara 25, jikinsa zai nemi komawa inda ya saba, kuma ta bakin ƙarfen zai bi. Shi ya sa tun wajen 2016 masu bincike irin su Renaud da Virginie Lafage suke kira da a riƙa daidaita manufar gyara da shekarun majinyaci. Likitoci kan kuma yi dabarun sassauta wurin, kamar sa ƙugiya a maimakon sukur a gaɓar ƙarshe, ko ɗaura zare mai ƙarfi zuwa gaɓar da ke sama, ko cusa simintin ƙashi. Dabarun suna taimakawa, amma babu wadda ta kawar da matsalar gaba ɗaya.

Fuska ta biyu a hankali take zuwa: faifan maƙwabta su zaizaye cikin shekaru. Binciken Alan Hilibrand na 1999 a kan tiyatar wuya ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 na majinyata ne ke samun sabuwar matsala a gaɓar maƙwabta kowace shekara, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara goma. Na Gary Ghiselli na 2004 a kan kwankwaso ya ƙiyasta cewa kusan kashi 16 za su buƙaci wata tiyatar cikin shekara biyar, kusan kashi 36 cikin shekara goma. Kuma bayan da aka kulle ba tare da isasshiyar lotsawa ba ya fi saurin gajiyar da maƙwabtansa.

Tsere tsakanin ƙashi da ƙarfe

Haɗuwar ƙashi takan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. A duk tsawon wannan lokaci ƙarfe ne ke ɗauke da kaya, kuma ƙarfe yana gajiya, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye. Idan ƙashi ya kama kafin ƙarfe ya gaji, an yi nasara. Idan ya ƙi kamawa, sandar za ta karye ko sukurori su yi sako-sako, gyaran da aka yi ya zube.

A nan majinyaci yana da hannu sosai. Wani bincike na 1986 da Brown da abokan aikinsa suka yi ya gano ƙashi ya ƙi kamawa a kashi 40 cikin 100 na masu shan taba, a kan kashi 8 na waɗanda ba sa sha. Sinadarin nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jinin da sabon ƙashi ke rayuwa da su, kuma yana cikin shisha kamar yadda yake cikin sigari. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, ƙarancin abinci mai gina jiki, ƙarancin bitamin D, da ƙwayoyin cuta a wurin aikin, duk suna jinkirta haɗuwa.

Sai raunin ƙashi, wanda ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada. Ɗaura sukur a irin wannan ƙashi kamar kafa ƙusa ne a katakon da gara ta ci. Ana auna ƙarfin ƙashi da wata na'ura ta musamman, kuma idan sakamakon ya kai 2.5 ƙasa da sifili an tabbatar da cutar. Akwai magungunan da ke ƙarfafa ƙashi, har da allurar teriparatide mai gina sabo, amma watanni suke buƙata kafin tiyata. Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne ƙwayoyi irin su dexamethasone, da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don neman ƙiba. Daɗewa a kansu yana cinye ƙashi a ɓoye. Wanda ya sha su ya faɗa wa likitansa, kuma kada ya yanke su rana ɗaya da kansa, domin hakan ma yana da haɗari.

Yara da masu tarin fuka

Bayan yaro yana girma ta gaba da ta baya. Idan aka haɗe shi ta baya kawai alhali sauran girma da yawa, gaban zai ci gaba da tsawo bayan kuma a ɗaure, sai jerin ya murɗe a kewayen haɗin. Dubousset da abokansa suka bayyana wannan a 1989. Saboda haka ake duba alamun balagar ƙashi a hoton ƙugu kafin a yanke shawara, kuma a kan fi son sandunan da ake ƙara wa tsawo lokaci-lokaci ga ƙananan yara. Gara ma a kama karkacewar kafin ta kai ga tiyata, wadda galibi ake tunaninta a wajen digiri 45 zuwa 50. Babban gwajin da aka wallafa a 2013 ya nuna rigar tallafin baya ta hana kaiwa ga wannan matsayi a kashi 72 cikin 100 na matasan da suka sa ta, a kan kashi 48 na waɗanda aka zuba wa ido kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Cutar da Hibbs da Albee suka yaƙa a 1911 kuwa har yau tana tare da mu, domin Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Idan ya shiga ƙashin baya, gaban gaɓoɓi yake ci, sai su rufta su fitar da ƙusumbi mai tsini. Ɗaure baya ba tare da an cike ramin da ke gaba ba yakan bar ƙarfe yana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa. Likitan Indiya S. Rajasekaran ya nuna cewa a wurin yara ƙusumbin na iya ci gaba da ƙaruwa ko bayan cutar ta warke, muddin suna girma. Don haka yaron da ya gama shan magani ba a sallame shi daga bibiya ba sai ya gama tsawo. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tiyata ba ta maye gurbin shan sa har ƙarshe.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Likita mai adalci zai ce na ɗora wa shiri nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma yana da hujja. Faifan maƙwabta suna tsufa ko an yi tiyata ko ba a yi ba, kuma har yanzu masana na muhawara a kan kason da ke na haɗewa da kason da ke na shekaru. Akwai waɗanda aka auna musu komai daidai amma doron ya fito. Zai kuma ce irin wannan rubutu na iya tsorata wanda ke buƙatar aiki da gaske. Wannan ma gaskiya ne: wanda karaya ko tarin fuka ko zamewar gaɓa ke matse masa laka, jinkiri na iya jawo masa shanyewar ƙafafu, kuma haɗarin doron gobe bai kai wannan ba.

Amma amincewa da cewa ba duka ake iya karewa ba bai wanke barin abin da ake iya karewa ba. Rigakafi na farko ma shi ne kada a haɗe bayan da ba ya buƙatar haɗewa. Gwaje-gwajen da aka yi a Norway a 2003 da Birtaniya a 2005 ba su nuna haɗewa ta fi tsararren motsa jiki da horo wani fifiko mai yawa ba ga masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso. Tun 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a yi haɗewa don ciwon kwankwaso zalla sai a cikin gwajin bincike. A shekarar kuma wani gwaji a Sweden ya gano cewa ga masu ƙuncin ramin jijiya, ƙara haɗewa a kan buɗe ramin bai ƙara musu sauƙi ba, ko da yake wani gwajin na Amurka ya ga ɗan fifiko ga masu zamewar gaɓa. Wanda aka gaya masa farashin aiki ta waya kafin a gan shi a tsaye, ya dace ya nemi ra'ayin likita na biyu.

Abin da ya kamata iyali su yi

Kafin a biya ko sisi, a tambayi likita me ya sa buɗe wa jijiya hanya kaɗai ba zai isa ba. A nemi hoton tsaye na baya gaba ɗaya, a tambayi kusurwar ƙugu da lotsawar da ake nufin samarwa, da gaɓar da ƙarfen zai fara da wadda zai ƙare. Likitan da ya shirya aikinsa yana da waɗannan amsoshi a rubuce. Ga mace da ta wuce shekara 50, ko duk wanda ya daɗe a kan ƙwayoyin da na ambata, a auna ƙarfin ƙashi. A bar taba da shisha makonni kafin aiki, kada kuma a koma. A daidaita suga.

A yi maganar irin rayuwar da majinyaci zai koma. Yawancin ƙa'idojin nan an gina su ne a kan mutanen da ke zama a kujera. Namu suna zama a tabarma, suna tsuguno a bayan gida, suna ruku'u da sujada, mata na sunkuyawa shara da wanki. Bayan da aka haɗe har ƙugu ba zai yi waɗannan kamar da ba, kuma tilasta masa a watannin farko yana ƙara wa ƙarfe da bakinsa nauyi. Kujerar salla da masai na zama suna cikin kayan jinya.

Wanda zai fita waje ya nemi likitan da zai bibiye shi a gida tun kafin ya hau jirgi. Akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Enugu, da asibitocin koyarwa. A Accra kuma akwai asibitin FOCOS da Oheneba Boachie-Adjei ya kafa domin gyaran ƙashin baya. A dawo da rahoton tiyata, da sunan kamfanin da ya ƙera ƙarfen, domin ba kowane sukur ne ke kwancewa da kowane makulli ba. A ware kuɗin gashin ƙashi da na hoton tsaye a watannin farko, da bayan shekara ɗaya, da bayan biyu. Idan kuwa aka ga sabon rauni ko mutuwar jiki a ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko zazzaɓi tare da ruwa daga wurin ɗinki, ko tudu a saman tabon aiki, ko ciwo na farat ɗaya, ba a jira ranar da aka ba da.

Dalilin duk wannan naci shi ne tsadar gyara. Don a mayar wa shafaffen baya lotsawarsa, sai an yanke ƙashin da ya riga ya haɗe, a cire wani yanki mai siffar kusurwa daga gaɓa guda a rufe giɓin, abin da ke ba da kimanin digiri 30. Aiki ne mai tsawo, mai zubar da jini da yawa, kuma haɗarinsa ya fi na farko nesa ba kusa ba.

An ɗauki gwaggo hoton tsaye a ƙarshe. Kusurwar ƙugunta babba ce, lotsawar da aka bar mata kuwa ƙarama. Bayan likita ya auna shekarunta da ƙarfin ƙashinta, ya ba da shawarar a fara da maganin ƙashi da gashi da sandar dogarawa, a ajiye maganar tiyata ta biyu sai in dole. Ta karɓi sandar ba da son ranta ba. Da na gaya mata kuɗin hoton da ba a ɗauka ba shekaru huɗu da suka wuce, sai ta yi shiru, sannan ta ce bai kai abin da aka kashe a tsarabar dawowa ba.